Abin nan ruwan ɗorawa da ya fito bisa taki, da yadda za a ɗauki hotonsa

Ɗan Jiratawa: Assalamu alaikum ƴan zaure. Don Allah ku duba hoton nan. Da safe na shiga lambu na iske wannan abu kwance bisa takin da muka tara kusa da zogale. Ruwan ɗorawa ne, faɗinsa ya fi tafin hannu. Jiya da marece babu shi. Na taɓa shi da tsinke na ji yauƙi, da na koma bayan azahar kuma ya matsa, ya hau wani ruɓaɓɓen kara. Cuta ce? In fesa magani?

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Ɗana, kak ka sa mishi hannu. Na sha ganin irinai cikin malka, bayan darni, inda kara ya jiƙe ya ruɓe. Ni toka nika zuba mishi in wuce. Abin da ya hito dare guda kuma yana tahiya, a yi hattara da shi.

Ɗalibar Agro: Baba ina wuni. Da izininka, wannan ba cutar shuka ba ce. Yaya, kada ka kashe kuɗinka a magani. Daga launinsa da wurin da ya fito ya yi kama da Fuligo septica, ɗaya daga cikin fumfuna masu yauƙi, waɗanda masana ke kira myxomycetes. Ba ya shiga jikin zogale, ba ya shan ruwan shuka. Abincinsa ƙwayoyin bakteriya ne da ƙananan halittun da ke cikin ruɓaɓɓen kara da taki. In ya hau shuka, wuri mai tudu yake nema inda zai bushe iska ta kwashi irinsa. Gobe ko jibi za ka ga ya yi ɓawo, in ka fasa za ka iske baƙin gari ciki. Sai dai mai asma ya nisanci garin nan.

Baba Mai Lambu: Ɗiyata, to burtuntuna hwa? Ita ma ai baƙin gari ce, kuma mun san ɓarnar da takan yi ma dawa.

Ɗalibar Agro: Gaskiyarka Baba, garin ya yi kama. Amma burtuntuna cikin shuka take rayuwa, ita ke cinye ƙwayar ta bar gari a madadinta. Wannan kuwa daga waje yake zaune. Ka zuba mishi ruwa ya wanke, ka duba ganyen, lafiya lau za ka gan shi.

Mushen SVT (malamin kimiyyar halittu): Abin da ɗalibarmu ta faɗa daidai ne, bari in ƙara. Wannan halitta ba dangin naman kaza ba ce, ko da yake an daɗe ana lissafa ta cikinsu. Danginta na kusa su ne amiba. Abin nan da Ɗan Jiratawa ya gani yana rarrafe, duk faɗinsa, tantanin halitta guda ne tak, babu bango a tsakani, amma da cibiyoyi miliyoyi a ciki. Ruwan jikinsa yana gudana cikin jijiyoyi, ya tafi gaba kusan minti guda, ya tsaya, ya komo baya, sai dai na gaban ya ɗan fi yawa, da haka yake tafiya. Santimita guda a awa, in yunwa ta matsa ya fi haka. Irin waɗannan halittu da aka sa wa suna a duniya sun kai wajen 1,000, kuma galibinsu ba manya ba ne irin wannan. Jikin da suke fitarwa don zuba iri milimita 1 ne zuwa 2, wasu ba su kai ba. Can kyan yake, kuma can wahalar hoton take.

Mai Studiyo na Zariya: Mushe ka zo inda nake jira. Ƙanena, ka yi ƙoƙari, amma hotonka ya nuna tarin taki ne da tabo rawaya a tsakiya. Rana ta daki abin har launin ya ƙone. Ka koma da sassafe, ko ka sa wani ya tare maka rana da farin ƙyalle. Ka durƙusa ka kawo wayar daidai tsayinsa, kada ka ɗauka daga tsaye. Ka nemi bakin gefensa, wurin da jijiyoyin suka bazu, nan za a gane cewa abu ne mai rai.

Amma in ana maganar ƙananan da Mushe ya ambata, ni ban yarda waya za ta iya ba. Aikin kyamara ne mai gilashin kusa.

Mai Gyaran Waya: Yallaɓai a nan kam ban bi ka ba. Ku zo shago ku ga abin da muke yi kullum. Cikin tsohon DVD da ya mutu, wurin da ke karanta faifai, akwai ɗan gilashi ƙarami. Irinsa na cikin ƴar fitilar leza da yara ke wasa da ita. A ciro shi a hankali, a ɗora shi daidai kan idon kyamarar waya, a kama shi da salatif ta gefe. Da shi nake duba layukan da suka tsinke a allon waya. Sai ka matso har tsakaninka da abin bai fi ƴan milimitoci ba, amma za ka ga abin da ido bai taɓa nuna maka ba. Akwai kuma gilashin da ake maƙalawa da ɗan maƙali, masu kayan waya suna kawowa.

Mai Studiyo na Zariya: Na san dabarar. Tsakiya ce kawai ke fita, gefe duk ya narke, ga shuɗi da ja suna bin bakin abu.

Mai Gyaran Waya: Haka ne. Amma mutum nawa cikin zauren nan ke da kyamara irin taka? Da babu gara ba daɗi. Kuma abin da ake son ɗauka milimita guda ne, tsakiyar ta ishe shi.

Mushen SVT: Akwai wani abu da ke goyon bayan mai waya, ko da yake ba a cika lura da shi ba. Farantin da ke karɓar haske cikin waya ƙarami ne ƙwarai, saboda haka in ka cika hoto da abu guda, zurfin wurin da ke fita tangaran ya fi na babbar kyamara. Mai babbar kyamara ya fi samun tsabtar hoto, amma shi ya fi shan wahalar zurfi.

Mai Studiyo na Zariya: Wannan gaskiya ne, kuma bari in buɗe shi don waɗanda ba su taɓa gwadawa ba. In ka kai abu girmansa na zahiri bisa farantin kyamara, wato ɗaya da ɗaya, ka sa ƙofar hasken gilashi a f/8, abin da zai fita sarai daga gaba zuwa baya wajen milimita guda ne. In ka ninka girman sau 3, zurfin zai koma wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Ka saita kan abin, ƙafarsa ta ɓace. Ka saita ƙafar, kan ya ɓace. Sai mutum ya ce bari in tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22. A ninki 3, f/16 aikin f/64 take yi, haske ya tarwatse a bakin ƙofar, hoton gaba ɗaya ya yi laushi, ka rasa gaba ka rasa baya.

Maganinsa tara hotuna. Ka kafa kyamara kada ta motsa. Ka ɗauki na farko a saitin gaban abin, ka matsa gaba ɗan ƙanƙane, ka sake, haka har ka wuce bayansa. Ana yin 30, ana yin 100, ya danganta da ninkin. Sai manhaja ta tsinci wurin da ya fita a kowane hoto ta haɗa su guda. Helicon Focus da Zerene Stacker na kuɗi ne, Picolay da CombineZP kyauta. Hotunan da kuke gani na Barry Webb ɗan Ingila da Alison Pollack ta Amurka, da wannan hanya ake yin irinsu.

Wanda ba shi da gilashin kusa, in yana da tsohon gilashin kyamara mai 50mm, ya juya shi baya ya koma gaba, akwai zoben da ake ɗaure shi da shi. Ko ya sa bututun ƙarin nisa tsakanin gilashi da kyamara. Ni da haka nake aiki. Abu biyu ke ɓata mana aiki a garin nan: girgiza da ƙura. In babbar mota ta wuce titi teburin ya amsa, hoton ya tafi. Ku aza kayan bisa siminti, ku sa jinkirin sakan 2 kafin kyamara ta ɗauka. Ƙura kuwa, ɗigo guda bisa faranti zai bi duk hotunan, in an haɗa ya zama dogon zane. Kada ku canza gilashi a waje in iska na tashi.

Mai Gyaran Waya: Masu Android su duba manhajar Open Camera, tana da wurin da take ɗaukar jerin hotuna tana canza saiti da kanta, in wayar ta yarda. A jingina wayar da buhun rairayi ƙarami ko a ɗaure ta jikin bulo.

Alhaji na Babbar Kasuwa: Jama'a ku yi mini haƙuri. Tun ɗazu nake karatu. Muna cikin damina, mutane na fama da tsutsar zangarniya, da tsadar taki, ku kuma kun duƙufa bisa yauƙin juji. Wanda Allah ya ba kyamara da ilimi, ba gara ya ɗauki abin da zai amfani manomi ba?

Ɗalibar Agro: Alhaji, Allah shi ƙara arziki, tambayarka tana bisa hanya. Amma ka duba, yau ɗin nan zauren ya hana mutum guda sayen maganin da ba ya buƙata, ya fesa bisa zogalen da za a kai kasuwa a ci. Na biyu, ka ambaci tsutsar zangarniya. Masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a nan Maraɗi sun daɗe suna yaƙarta da wani ɗan ƙaramin zanzaro, Habrobracon hebetor, da ake kiwo cikin ƴan buhuna a kai ƙauyuka a saki. Tsawonsa ƴan milimitoci ne. Manomi da yawa an ba shi labarinsa amma bai taɓa ganin fuskarsa ba. Hannun da ya koyi ɗaukar abu mai milimita guda da ba ya tashi, shi ne gobe zai iya ɗaukar zanzaron nan da ƙwan tsutsar a nuna wa mutane.

Alhaji na Babbar Kasuwa: Wannan na ji ta. In dai za a kai can, ba ni da ja.

Mushen SVT: Alhaji ni zan ƙara da cewa ko ba a kai can ba, abin ya isa a dube shi don kansa. A shekarar 2000 wani masani ɗan Japan, Toshiyuki Nakagaki, ya sa wani irinsa mai suna Physarum polycephalum cikin akwati mai ruɗaɗɗun hanyoyi, ya ajiye abinci a ƙofa biyu. Halittar ta janye jikinta daga duk lungunan da ba su ɓullewa, ta bar jijiya guda bisa hanya mafi gajarta. A 2010 shi da Atsushi Tero da abokan aikinsu suka zana taswirar yankin Tokiyo, suka ajiye ɓarzajjen hatsin ot a wurare 36 da garuruwa suke, suka haska fitila inda duwatsu da teku suke tunda ba ta son haske. Jijiyoyin da ta shimfiɗa sun yi kusa ƙwarai da hanyoyin jirgin ƙasa da injiniyoyi suka gina. A Tulus ta Faransa kuma, Audrey Dussutour da abokan aikinta sun nuna a 2016 cewa in aka shafa kinin bisa gadar da za ta bi zuwa abinci, da farko takan yi ɗari-ɗari, bayan ƴan kwanaki ta saba ta riƙa wucewa. Ba ƙwaƙwalwa, ba jijiyar ji ko guda. Ni in na tsaya gaban allo ina faɗa wa yara wannan, so nake in nuna musu hoton wanda aka ɗauka Jiratawa ko Tibiri, su san cewa danginsa na bayan gidansu.

Inna Malama: Allahu Akbar. Ikon Allah ya wuce inda muke tsammani. Mushe, shi ne wanda Faransawa ke ce ma blob? Jikana ya taɓa nuna mini a waya.

Mushen SVT: Shi ne, Hajiya. Gidan namun dajin Paris ya baje shi ga masu kallo a 2019, kuma a 2021 an aika shi a bushe zuwa tashar sararin samaniya, ɗan sama jannatin Faransa Thomas Pesquet ya jiƙa shi can, ƴan makaranta a Faransa suna yin gwajin a azuzuwansu.

Inna Malama: To ni ga abin da ya tsaya mini. Mai Studiyo ya ce ana haɗa hoto 100 a fitar da guda. Ɗana, wannan hoto ne ko ƙira? Yanzu zamani ya zo da hotunan da kwamfuta ke ƙagawa, har mutum bai san abin da zai gaskata ba. In na nuna wa yara abin da ba a taɓa ganinsa haka da ido ba, ban yaudare su ba?

Mai Studiyo na Zariya: Inna, duk ɗigon da ke cikin hoton daga jikin abin haske ya ɗauko shi, ba a ƙaro komi daga waje ba. Idonki ma in kina duban abu kusa, saiti yake canzawa gaba da baya ba ki sani ba, ki tashi da siffar abin cikakkiya. Manhajar abin da take yi ke nan.

Ɗalibar Agro: Na yarda da rabin maganarka yaya. Haɗawar kanta ba ƙarya ba ce. Amma ka san manhaja takan bar wani hazo kewaye da bakin abu, wani lokaci ta haɗe silin da ke gaba da na baya su zama guda, sai mai hoto ya bi da hannu yana gogewa. A wurin gogewar nan ake shigar da son rai. Sai launi. Mu da launi da siffar farar ƙasar da ke jikin ɓawon muke fara rarrabe dangoginsu, irin su Physarum da Didymium da sauransu. In ka ƙara wa rawaya ƙarfi don ta burge mutane a Facebook, ka ba ni hoton halittar da babu ita.

Mai Studiyo na Zariya: Ƙanwata, ba kowane hoto ne na ɗakin bincike ba. Mai hoto yana da haƙƙin ya fito da kyan abu. In na sa baƙin ƙyalle a baya, ko na tausasa haske da farar takarda, shi ma ai na canza abin da ido ya gani.

Ɗalibar Agro: Ƙyalle da takarda ba su taɓa jikin abin ba. Ka sa su yadda kake so. Launin jikinsa ne nake roƙo a bari.

Inna Malama: Ni dai a rubuta a ƙasa. In an haɗa a ce an haɗa, in an taɓa launi a ce an taɓa. Sai in san wanda zan kai aji.

Shugaban Zaure: Maganar Inna ta zama doka a zauren nan. Duk wanda ya sa irin wannan hoto ya faɗi wurin, da watan, da abin da ya same shi a kai, da ko haɗi ne. A sa ma'auni a gefe, ko ƙwayar gero guda, don a san girma.

Ɗan Jiratawa: Na gode ƙwarai. To ƙananan nan a ina zan neme su? Ni babban kawai na taɓa gani.

Mushen SVT: Kwana biyu ko uku bayan ruwa mai ƙarfi, ba ranar ruwan ba. Ka duba ƙarƙashin ruɓaɓɓen kututture, cikin tarin ganyen mangwaro da ya jiƙe, gindin tsohon darni, da ƙasan buntun da aka zubar. Ka tafi da fitilar hannu ka haska daga gefe, inuwarsu ce za ta fara nuna maka su. Lambunan bakin Gulbi, da kewayen tafkin Madarunfa, da dajin Babban Rafi, duk wurare ne masu inuwa da itacen da ke ruɓewa. In ka ga wasu tsaye cunkus, ruwan ƙasa, bisa siraran baƙaƙen ƙafafu kamar zangarnun gero da aka ƙanƙantar, Stemonitis ke nan. In ka same su suna farare masu taushi, kada ka taɓa, ba su nuna ba. Ka zauna kusa ka riƙa ɗauka lokaci-lokaci, cikin yini guda za su rikiɗe a gabanka har su yi duhu. Kuma ka juya itace da sanda, damina ce, kunama da maciji su ma can suke fakewa. In ka gama ka mayar da shi yadda ka same shi.

Baba Mai Lambu: Wannan ta kunama ita ce magana. To Mushe, in rani ya yi ina suka tahiya? Nan wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa.

Mushen SVT: Suna nan Baba, barci suke. Irinsu yana jure fari shekaru, shi kansa mai rarrafen in wuri ya bushe yakan ƙandare ya jira ruwa. Har cikin hamadar Atakama da ta Namib an same su. Akwai dabarar da masana biyu, Gilbert da Martin, suka bayyana a Amurka tun 1933, wadda ta dace da mu ƙwarai. A ɓamɓaro ɗan ɓawon itace mai rai, na gawo ko tsamiya ko bedi, daga busasshen saman kawai, kada a ji wa itacen ciwo. A shimfiɗa takardar goge hannu cikin roba mai murfi, a jera ɓawon bayansa na kallon sama, a zuba ruwan sama ko wani ruwa mai tsabta ya rufe shi. Washegari a tsiyaye ruwan, a rufe, a ajiye cikin ɗaki inda haske ke shiga amma rana ba ta bugu. Daga nan sai dubawa da gilashin ƙara girma. Wasu, irin Echinostelium da bai kai rabin milimita ba, sukan fito cikin ƴan kwanaki, wasu sai an yi makonni. Ba kowace roba ke bayarwa ba, wata fumfunar gari ce kawai za ta rufe ta.

Mai Studiyo na Zariya: Wannan ta fi mini. Cikin ɗaki babu iska, haske a hannuna yake. A waje ko numfashinka ya isa ya kaɗa su.

Ɗalibar Agro: Amma a ɗauki na wajen ma, ko bai yi kyau ba, don a ga inda yake zaune. Binciken da aka yi kan waɗannan halittu a Afirka ta Yamma kaɗan ne in aka gwada da Turai da Amurka, saboda haka hoto mai wuri da kwanan wata yana da daraja. A sa shi a iNaturalist, shafin intanet da ake tara hotunan halittu, masana na dubawa. Sai dai sau da yawa hoto kan kai mu ga dangi ne kawai, sunan ƙarshe sai an duba irin a madubin ɗakin bincike, tunda faɗin ƙwaya guda wajen kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne. Don haka in sun nuna sun bushe, a yanko su da ɗan itacen da suke kai, a manna a cikin kwalin ashana, a rubuta bayani a bayan kwalin.

Alhaji na Babbar Kasuwa: Kwalin ashana? Ilimin jami'a guda?

Mushen SVT: Shi ake amfani da shi ko'ina Alhaji, yana shan danshi kuma ba ya murƙushe su. A 1929 masanin Japan Minakata Kumagusu ya miƙa wa Sarki Hirohito tarin irin waɗannan halittu cikin kwalayen alewa.

Ɗan Jiratawa: Tambaya ta ƙarshe. Kwalin in na rufe, ƙwari ba za su cinye su ba? Ɗakinmu akwai gara da kyankyasai.

Ɗalibar Agro: Ka bar shi a buɗe cikin inuwa ya bushe sarai tukuna, in ka rufe da danshi fumfuna za ta ci shi. Bayan nan ka sa kwalayen cikin gwangwani mai murfi, ka jefa ƴar ƙullin nan mai shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. Kada ka sa cikin leda.

Mai Gyaran Waya: Irin ƙullin nan suna da yawa a shago, cikin kwalayen kaya suke zuwa. Akwai kuma matattun DVD da zan ciro wa gilashi. Mai so ya biyo bayan la'asar, ya zo da wayarsa a gwada a kanta, don ba kowace waya ce gilashin ke zama daidai ba.